Iskar Fadama a Kwalba

Taɓo ya kai wa Abbas gwiwa sa'ad da ya zuƙo iska da sirinji daga akwatin robar da ya kifa a kan shinkafa, ya ɗura ta a 'yar kwalba. Aikinsa ke nan shekara da shekaru: auna iskar da ke tashi daga gonar da ruwa ya kwanta, wadda ke ƙara wa duniya zafi. Manoman Argungu tuni suka raɗa masa suna, Dokta mai awon tusar shinkafa. Ya sha gaya musu su riƙa janye ruwan lokaci-lokaci, su kuwa su yi dariya.

Ranar Litinin zai bar su. An kira shi Abuja, cikin masu tsara wa ƙasa manufar sauyin yanayi, kujerar da ya daɗe yana roƙon Allah. Ga ta ta samu, amma murna ta ƙi zuwa.

Inna ce a ransa. Tun da ciwon mantuwa ya kama ta, ya ɗauko ta zuwa gidansa na Gesse a Birnin Kebbi, ta daina shaida shi. Kullum sai ya yi wanka, ya sa fararen kaya da turare kafin ya shiga gaishe ta, ita kuwa ta gyara mayafi ta ce, "Sannu da zuwa, malam." Malam fa! Ɗan da ta goya. Ba ta da magana sai a kai ta fadama, jikinta kuma ba zai ɗauki hanya ba. Shi dai burinsa ɗaya: ta kira sunansa kafin ya tafi.

Ya cika kwalba guda ya sa a aljihu. Tunda ba ta iya zuwa, to fadama ta je mata. Don ɗoki ko kaya bai tsaya sauyawa ba, ya kama hanyar Birnin Kebbi.

Yayarsa Kulsumi, mai jinyar Inna, ta tare shi a ƙofa.

"Kai Dokta! Da wanga taɓo za ka taka mini ɗaki? Duk bokon ga, ashe manomi na nan kwance."

"Yaya, ki yi haƙuri. Yanzu zan fito."

Ya durƙusa gaban Inna, ya ɓalle murfin kwalbar kusa da hancinta. Ba ta ji ƙanshin komai ba. Ai shi ya fi kowa sanin abin da ke ciki bai kai numfashin jariri ba, amma kewa ba ta san ilimi ba.

"Magani ne, malam?" in ji Inna. "Na sha da sahe."

Ya mayar da murfin kwalbar. Ya yunƙura zai tashi, sai ya ji ta riƙe hannun rigarsa. Ta jawo shi, ta shinshina, ta sake shinshinawa. Fuskarta ta washe yadda bai gani ba tun tana gidanta na Argungu.

"Ladan? Ka taho?"

Ladan mahaifinsu ne, manomin shinkafa, ya daɗe a ƙasa. Kulsumi ta toshe baki da gefen zane. Abbas ya ƙara matsowa kusa da Inna.

"Na taho."

"Ruwa ya kai ina?"

"Ya kai gwiwa."

"Madalla. Kada ka bari kowa ya janye shi."

"To," in ji Dokta.

Ta yi ta shafa busasshen taɓon da ke hannunsa, sannan ta rage murya kamar mai gudun a ji.

"Abbas fa? Tun da ya tahi makaranta ban sa shi a ido ba. Wallahi kewar yaron ga na damuna."

Ga sunan ya fito. Ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma.

"Yana hanya."

"Ka ce mishi ya yi sauri."

Bai motsa ba har barci ya ɗauke ta. Da ya fito, ya tarar Kulsumi ta kai masa ruwan wanka, idonta jawur.

"Tuɓe a wanke," ta ce. "Ka fara haɗa kaya kuwa? Litinin ta ƙarato."

Ya dubi wandonsa, ya dubi labulen ɗakin Inna.

"Kada a wanke su, Yaya. Gobe ma su zan sa."