Ruwa a Gaban Suruki

Ranar da aka sa wa mahaifiyarmu, Dada, ƙarfe a kwatangwalo a Ngawundare, likita ya ja ni gefe ya ce shi ƙodarta yake ji wa tsoro. Ga tsufa, ga suga, ga hawan jini, ga jinin da ta zubar wajen aiki. Ya hana mu sayo mata ƙwayar ciwon jiki ta kasuwa, ya ce da an cire mata ƙarin ruwa ta dage da sha.

To, an cire, sai fitsari ya fara ƙaranci, ƙafafu suka kumbura. Na miƙa kofi ta kau da kai, na yi faɗa ta ce bakinta ɗaci. Raina ya ɓaci matuƙa, don likita ya soma zancen wankin ƙoda.

Duk wannan Hamajoda na zaune kan kujera a ƙafar gadon. Mijin yayata ne, marigayiya. Tun da ta rasu ya ɗauki Dada uwa, ya bar shanunsa a hannun ƙannensa ya tare a asibiti. Mutum ne dogo, ba magana, sai fifita da tasbihi. Shi yake sayo ruwan ma, ya jera a gabanta.

Wata tsohuwa ta gadon kusa ce ta yafito ni. "'Yar nan, boko ya cinye miki kai? Wace Bafulatana ce za ta ɗaga kofi a gaban surukinta? Balle ta ce a kawo mata fo na fitsari."

Kunya ta kama ni, dariya ma ta so kuɓuce mini. Fulako, kunyar nan ta Fulani, zai kashe mana tsohuwa muna kallo. Na fitar da Hamajoda baranda na gaya masa. Sai ya naɗe tabarmarsa ya koma gindin mangwaro, can bakin ƙofa.

Dada ta shanye kofi, ta nemi ƙari. A hankali kumburin ya saɓe, likita ya daina zancen wanki. Na zo zan ɗauke kujerar don a samu wuri, ta riƙe mini zane.

"Bar ta nan," ta ce. "In na sha ki kira shi. Shi kaɗai ya rage mini da ƙamshin yayarki."