Gishirin Suwaibatu a Ɗakin Famfo

A duk gidan Malam Mika'ilu da ke Akurba, ba wurin da ya kai ɗakin famfo bushewa. Shekarar da Lafiya ta zama babban birnin jiha ya jawo famfon, ya gina masa ɗan ɗaki, ya shafe da siminti, ya rufe da sabon kwano, wai kada rana ta taɓa kayan gwamnati. Famfon ya yi sati guda yana zuba, daga nan ya kama bakinsa. Takardar kuɗin ruwa dai ba ta taɓa fashi ba, baiwar Allah.

Doka ɗaya Malam ya kafa: a bar kan famfon a buɗe.

"In an kawo, mu fara ji," in ji shi.

Matarsa Suwaibatu ba ta musa ba. Me za a rufe? Iska?

Ita sana'arta gishiri, daga Awe take saro shi. A damunar bana ta zuba jarinta kaf, ta kawo buhuna. Sai ɗakinta ya fara yoyo. Ta duba gidan sama da ƙasa, ta ga wuri ɗaya ne ruwa bai san hanyarsa ba. Ta jera buhunan a ɗakin famfo, na ƙarshen ma ta jingina shi a ƙarƙashin bakin famfon, har tana yaba wa kanta dabara.

Ran Asabar da hantsi tana gidan suna a bayan layi, ta kai loma baki ke nan, sai ihu ya tashi a waje.

"An kawo ruwa! An kawo ruwa!"

Mata suka watse, kowa na neman bokiti. Usaina maƙwabciyarta ta zura takalmi ƙafa ɗaya.

"Maman Yusra, ba za ki tashi ba? Wai wani babba zai zo duba aiki, shi ne suka saki!"

Suwaibatu ta yi dariya. "Ku je ku tari baƙonku. Namu famfon ya yi ritaya tun kafin mai gidan."

Ta tauna lomar sau biyu. Sai kan famfon nan da ke buɗe ya faɗo mata a rai. Ba ta san lokacin da ta tsallake tabarma ba.

Tun daga ƙofar gida ta ga ruwa ja kamar kunun kanwa yana malalowa ta zaure. Malam na tsaye a tsakar gida, ya naɗe wando, baki har kunne.

"Suwaiba, zo ki gani! Ban faɗa muku ba? Gwamnati ba ta mantuwa!"

"Baban Yusra, gishirina!"

"Wane gishiri? Ke, miƙo baho, albarka na zubewa!"

Ta ture shi ta shiga. Buhunan sun lotsa, sun kwanta kamar marasa lafiya. Ta kama kan famfon za ta murɗa, tsatsa ta riƙe shi gam. Ta toshe bakin da tafin hannu, ya fesa mata a ido. Ta ja buhu ɗaya, ya biyo ta ba nauyi.

Usaina ta shigo da bokiti, ta kamfaci na ƙasa ta ɗanɗana, ta tofar.

"Kai, Malam, naku special ne! Mu laka kawai aka ba mu, ku har da gishiri. Saura magi."

Can sai jiniyar motocin babban ta yi nisa ta hanyar Shabu. Famfon ya yi tari, ya yi gyatsa, ya ɗiga sau ɗaya, ya koma barcinsa.

Suwaibatu ta tattara abin da ya rage a gindin buhuna. Bai cika tukunyar miya ba. Ta ajiye, ta ɗauko taɓarya.

"Me za ki yi?" Malam ya tambaya.

Ta daki kan famfon har ya murɗu ya rufe, ta ƙara masa ɗaya ya ɓalle. Ta ƙulle shi a bakin zane.

"Haba Suwaiba! To in an sake kawowa, ya za mu sani?"

Ta matse ɗankwalinta, ta dube shi.

"Kwantar da hankalinka, Malam. Za su aiko da takarda."