Ƙanƙarar Malam Gidaɗo

Malam Gidaɗo ya ɗaure sandar ƙanƙarar a bayan babur ɗinsa, bayan mai sayarwa a Sabon Gari ya lulluɓe ta da dusar katako da buhu biyu.

"Malam, in ka tsaya gaisuwa a hanya, ruwa za ka kai," in ji mutumin.

Gidaɗo ya tayar da babur ɗin. Yau shugaban makaranta, Malam Tambari, zai zauna a bayan aji ya zaɓi wanda zai riƙe 'yan aji biyar a darasin labarin ƙasa: ko shi, ko Ayuba. Tare suka yi kwaleji, tare suka ci jarrabawar tafiya Rasha karatu, Gidaɗo ne ma a gaba. Sai Inno, mahaifiyarsa, ta ji an ce can akwai watannin da rana ba ta faɗuwa. "To, in azumi ya zaka, yaushe za ka sha ruwa?" Maganar tafiya ta mutu nan. Ayuba ya tafi, ya dawo da kwat mai gashi wadda ba ta da rana a Sakkwato, da labarin wai ya shiga jirgin ruwa a tekun ƙuryar arewa.

Tekun nan kuwa Gidaɗo ya daɗe yana koya wa yara cewa a rufe yake ruf da ƙanƙara. Duk shekara yakan cusa ƙanƙara a kwano mai ruwa ta tokare gefe da gefe, ya sa kwalin ashana a matsayin jirgi, yara su ga ba hanya. Yau a gaban Ayuba zai yi, kowa ya san wanda ke shara ƙarya.

A shataletale sojoji suka tare hanya, gwamna zai wuce. Aka tsaya cikin rana. Dogayen motocin kuɗin mai suna ta jeruwa, a garin da makarantar gwamnati ba ta da firji ko taswira marar yage, jama'a kuwa sun saki baki kamar haka Allah ya tsara. Gidaɗo yana jin ruwa mai sanyi yana ɗiga a dugadugansa.

Da ya isa makaranta, ya tarar Ayuba ya yi nisa da darasinsa. Yara sun yi tsit, har masu barcin baya.

"Gidaɗo, shigo mana. Wanki ka kawo?" in ji Ayuba.

"Gaskiya na kawo," ya ce, ya ajiye kwanon da ƙarfi. "Yara, ku duba ku gani in jirgi na wuce wurin ga."

Ya kwance buhun. Abin da ya saura bai wuce kan jariri ba. Ya sa shi a ruwa, ya yi ta yawo a tsakiya. Ya san ya kamata ya tsaya nan, amma idanu suna kansa. Ya ajiye kwalin ashanar. Iskar taga ta tura shi, ya bi gefen kwano sannu a hankali, ya zagaye ƙanƙarar, ya isa ɗaya ɓangaren.

Wani yaro ya fashe da dariya.

"Madalla!" Ayuba ya tafa hannu, fuskarsa fal murna ta gaske. "Abin da na kasa kwatanta muku ke nan. Da zafi ƙanƙara takan janye daga gaɓa, jirage su bi gefe. Tsofaffin matuƙa sun ce duk ranar da ta ƙara ja da baya, hanya ta buɗe, kayan duniya su koma bi ta can. Malam Gidaɗo, ka fi ni dabara."

Da ma ashar ya yi masa, da ya fi sauƙi.

Malam Tambari ya miƙe yana gyara hula. "Ashe kun haɗa baki! To, wanga abu ya yi kyau. Ayuba, riƙe aji biyar. Kai kuma Gidaɗo, ka riƙa kawo mai ƙanƙara."

Yara suka fita. Gidaɗo ya tsamo guntun da ya rage, ya dunƙule a hannu. Ayuba ya matso yana sharce gumi.

"Abokina, zafin garinku ya kusa kashe ni. Ɗan ba ni in ɗora a goshi."

Sanyin yana cizon yatsun Gidaɗo har ƙashi. Ya mayar da hannun baya.

"Ta narke," ya ce.