Dashen Tumatir na Abu Haisam

Da sanyi ya fara ja da baya a ƙauyenmu na kusa da garin Irbid, ni da maigidana Abu Haisam muka juya ƙasar lambun bayan gida, muka zuba takin awaki. Shi ya reni irin tumatir a gwangwanaye, shi ya dasa su da hannunsa kusa da na'ana'a.

Washegari na fito masa da shayi, na tarar ya tumɓuke su kaf.

"Abu Haisam, me ka yi haka?"

"Ciyawa ce, Ummu Haisam," in ji shi yana murmushi. "Yaushe za mu dasa tumatir ɗin?"

Na dube shi, na ga ba wasa yake ba. Mutumin da tun aurenmu yake gane kowane tsiro daga ganyen fari!

"Gobe, in Allah ya so," na ce.

Da ya shiga alwala, na durƙusa na mayar da waɗanda saiwarsu ba ta karye ba. Sannan na kira ɗanmu Haisam a Amman, na ce ya zo mu kai babansa wurin likita.