Kujeru Bakwai na Dakta Msurshima

A tarihin tarukan likitocin ƙashi, ba a taɓa yi wa mata adalci irin na taron garin Lafiya ba. Haka Farfesa Torkula, shugaban kwamitin shirya taron, ya rubuta a shafin farko na jadawali: kujera goma sha huɗu a kan dandamali, bakwai na mata.

Dakta Msurshima Akaa ta karanta wannan a harabar otal. A saninta, cikin duk mahalarta ita kaɗai ce mace likitar ƙashi. To sauran shidan daga ina? Dama tun makon jiya da Farfesa, wanda shi ne shugaban sashensu a asibiti, ya fara kiranta "'yata" ta san da walakin, don shekara shida da kai yake amsa gaisuwarta.

Ta buɗe shafi na biyu. Ita ce mai gabatar da baƙi, ita ce mai kula da lokaci, ita za ta shugabanci zama uku, ita za ta yi jawabin godiya. Wani wuri an rubuta Dakta Msurshima, wani wuri M. Akaa, wani wuri Misis Akaa.

Kujera ta bakwai kaɗai ta nema da kanta: takardarta kan manoman Kwandere da ke zuwa asibiti bayan mai ɗori ya gama da ƙafarsu. Shekara uku tana haɗa ta, kuma sai da shaidar ta gabatar da ita za a duba ƙarin girmanta bana. An sa ta ƙarfe biyu a ƙaramin zaure. Ƙarfe biyun nan kuma tana shugabantar zama a babban zaure, daidai lokacin da wakiliyar ƙungiyar da ta ɗauki nauyin taron za ta shigo da mai hoto.

Ta sami Farfesa yana shan shayi, ta nuna masa yadda lokutan suka yi karo. Ya ce kuskuren maɗaba'a ne. Ta ce a gyara, ya ce an riga an buga kwafi ɗari uku. Ta ce to wani ya riƙe mata zaman.

"Haba 'yata, baƙuwa ta shigo ta tarar da gemu zalla? Terseer zai karanta miki takardar. Turancinsa da daɗi."

Dakta Terseer, abokin aikinta da shi ma ke jiran ƙarin girma, yana tsaye kusa da kwamfutarsa a buɗe, kamar wanda aka gaya wa tun jiya.

Ta tambayi sunan wa za a sa a takardar shaida. Farfesa ya ce na wanda ya tsaya gaban makirufo, ƙa'ida ce, kuma ba shi ya kafa ta ba. Ya ƙara da cewa Janairu mai zuwa shi zai sa hannu a sabunta kwantiraginta, yana murmushi.

Ta miƙa wa Terseer filashinta. Ƙarfe biyu ta zauna tsakiyar maza biyar, mai hoto ya ce ta ɗan saki fuska, ta saki.

Da aka tashi hutun la'asar, ta koma gefen motoci, ta kira sakataren asibitinsu, ta ce a cire fayil ɗinta daga na masu neman ƙarin girma bana.