Ɗakin Sanyi na Ƙasa

Hohepa ya miƙa wa Sione kwalin naman rago na ƙarshe, ya tsaya yana kallon ɗakin sanyin da ya zama wayam. Waɗanda suka ƙera wannan jirgin dakon kayan soja sun tuna da komai: rumbun mai, rumbun harsashi, abincin da zai riƙe jiragen yaƙi wata da watanni a tsakiyar teku. Wurin ajiye gawa ne kawai bai faɗo musu a rai ba.

"Saura bokitin nan, Cif," in ji Sione, mataimakinsa. Tun tasowarsu daga Auckland yake tsokanarsa kan ƙarnin bokitin, amma yau a hankali ya yi magana.

Naman tsuntsayen teku ne a ciki, waɗanda suke kira tītī, jiƙe da gishiri da kitse. Mereana, ƙanwar Hohepa, ita ta danƙa masa a bakin tasha. "Ka kai wa Nikora," ta ce, tana nufin ɗanta da ke aiki a ɗaya daga cikin jiragen yaƙin. "Ka gaya masa na gaji da ganinsa kamar tsinke."

A al'adar aikin, idan jirgin yaƙi ya jero da nasu, sai a ɗaura waya tsakani, kaya su yi ta tsallakawa, a bar ƙugiyar ƙarshe don tsaraba. Nikora kan leƙo daga ɗakin inji yana ihu: "Kawu, tsufa ne ko lalaci? Turo mana abinci!" Jiya ya faɗo daga tsani a can ƙasan jirginsu, bai sake tashi ba.

"Fitar da bokitin," Hohepa ya ce. "Abinci ba ya zama inda mamaci yake."

Da hantsi jiragen suka jera, igiyar ruwa na dukan tsakaninsu. Aka ɗaura waya. Wannan karon daga can kayan suka taso, a naɗe cikin tuta, suna lilo a saman ruwa. Hohepa ya sha karɓar kaya a wayar nan, amma bai taɓa ganin nisanta ba sai yau. Ya tarbi ɗan ƙanwarsa da hannu biyu, yana kiran sunansa, hawaye na zuba bai damu da gogewa ba.

Kafin a kwance waya, ya yayyafa wa hannuwansa da kansa ruwa, kamar yadda al'adarsu ta ce wanda ya taɓa gawa ya yi kafin ya taɓa abinci, sannan ya rataya bokitin a ƙugiyar ƙarshe. Abokan Nikora suka karɓa, ba wanda ya ɗaga hannu.

Bayan an kwantar da gawar a ɗakin sanyi, a ƙofar ya tarar da Laftanar Keast, mai kula da kayan jirgin, riƙe da kwaɗo.

"Cif, ka san doka. Ba mai zama a ciki. Sanyin nan kisa yake."

"Mu ba ma barin mamacinmu shi kaɗai, ranki ya daɗe, har sai ya shiga ƙasa."

"Sauran tafiyarmu da yawa fa."

"Na sani. Amma abin da uwarsa za ta fara tambayata ke nan: wa ya zauna da shi? Ni na kawo shi aikin nan. In ce mata na kulle shi inda nake ajiye nama?"

Keast ta daɗe tana juya kwaɗon a hannunta. Daga bisani ta jefa shi aljihu.

"Za a riƙa ƙwanƙwasa maka. Ka yi shiru sau ɗaya, in sa a fito da kai ta ƙarfi."

"In ka gaji ni zan karɓe ka, tsoho," Sione ya ce, yana saka masa babbar rigar sanyi. "Kada ka yi mana taurin kan nan naka."

Ƙofa ta rufu. Hohepa ya zauna a ƙasa kusa da kan Nikora, numfashinsa na fita kamar hayaƙi. Sai ya tuna dalilin da ya sa yaron ya zaɓi ɗakin inji: wai nan ne kaɗai ba a jin ɗari a jirgi. Tun yana ƙarami ba ya shiri da sanyi.

Aka ƙwanƙwasa.

"Muna nan," ya amsa.

Ya tuɓe rigar, ya lulluɓa masa.