Babban Baƙi a Ranar Tsere

Ɗan boda bai gama tsayar da babur ba Chelagat ta kai hannu ta fizgi kwalin da ke bayansa.

"Haba 'yar'uwa, a hankali mana! A ɗaure yake fa."

"Tun jiya da rana ake ce mini yana hanya. Daga Nairobi ya taso ko daga lahira?"

"Motar ce ta mutu a Nakuru. Ni dai daga tasha na ɗauko, kada ki sauke a kaina."

Ta rungume kwalin, ta ratsa filin da gudu. Ƙarfe bakwai saura minti ashirin da biyar, raɓa ko bushewa ba ta yi ba, amma mutanen Kapsabet sun riga sun cika bakin titi maƙil. Mata na zuba shayi da fanken mandazi, lasifika na ta amo, 'yan tsere ɗari takwas da 'yan kai suna ta tsalle-tsalle suna miƙe jijiyoyi. Kowannensu da ɗan maɓalli ɗaure a igiyar takalmi, kuma Chelagat ce ta raba musu su da hannunta.

Shekara biyu ta kwashe tana rubuta manhajar auna lokacin tseren nan, a duk lokacin da ta samu sarari a shagon gyaran wayar da take aiki. An shimfiɗa tabarmar roba a kan layin da ake tashi, ake kuma gamawa. Duk wanda ya taka, maɓallin ƙafarsa zai sanar da akwatin da ke gefe, manhajar kuma ta fitar da sunansa da lokacinsa a babban allo. Ba a taɓa yin haka a wannan tseren ba. A da, sai agogon hannu da biro, dillalan da ke kai 'yan tsere ƙasashen waje kuwa ko kallon irin wannan lokacin ba sa yi. Abu ɗaya ya rage mata: kwamfutarta ta cinya ba ta da kafar da za a jona wayar akwatin, shi ya sa aka yi odar wannan ƙaramar na'urar kwamfuta da ke cikin kwalin.

A cikin rumfa ta farke kwalin, ta jona wayoyi, ta kunna. Allo ya kawo haske. Daɗi ya kama ta har ta yi ɗan ihu ita kaɗai.

"Injiniya! Abin naki ya tashi?"

Jesang ce ta leƙo, ƙawarta tun firamare, lamba 214 manne a ƙirjinta. Shekara uku rabonta da tsere, tun da ta haifi tagwaye. Wani dillali ya yi mata alkawarin gurbi a wani babban tsere a ƙetare, in har ta gama kilomita ashirin da ɗayan nan ƙasa da minti saba'in da biyu, kuma na'ura ce ta auna.

"Ke dai ji da ƙafafunki," in ji Chelagat. "Ni nawa aikin minti uku ne."

"In kika ci mini daƙiƙa ɗaya, wallahi tagwayen nan gidanki zan kai su."

"Kawo su. Dama ina neman masu taya ni cin tuwon ugali."

Jesang ta yi dariya ta ruga layi. Chelagat ta soka filashin da manhajar ke ciki, ta ba da umarnin girka manhajar. Layukan rubutu suka fara gudu a allo, suna gudu, sai suka tsaya cak. Jan rubutu ya fito: ba a sami fayil mai suna wakimbiaji ba.

Fayil ɗin jerin sunayen 'yan tsere ke nan. Ta buɗe filashin, ga shi nan zaune, yana kallonta tana kallonsa. Ta sake ba da umarni. Jan rubutun ya dawo. Ta soka filashin a kwamfutarta ta cinya, komai ya tashi lafiya lau, sunaye ɗari takwas da goma sha biyu reras. Ta mayar da shi sabuwar na'ura. Ba a sami fayil ba.

Bindiga ta tashi.

Ihun jama'a ya girgiza rumfar. Ƙafafu suka bi ta kan tabarmar kamar saukar ruwan sama a kwano, suka nufi hanyar gonakin shayi. Akwatin ya riƙe lokacin da aka harba bindigar, wannan kam ba matsala. Amma idan suka dawo manhajar ba ta tashi ba, zai bar su su wuce kamar ba su taka ba. Mazan gaba kuwa ba za su wuce awa ɗaya da minti biyu ko uku ba.

Bwana Maiyo, shugaban kwamitin tsere, ya shigo yana murza tafin hannu, kwat ɗinsa na ƙyalli.

"'Yata, manyan baƙi na tambaya, yaushe allo zai fara nuna abin mamakin? Na gaya musu yau Kapsabet ta shiga sahun duniya."

"Yanzu-yanzu, Bwana."

Ya leƙa. "Wannan jan rubutun fa?"

"Gaisawa suke yi da na'urar. Ba su saba da juna ba."

Ya dube ta ta saman tabarau, ya fita.

Ta ɗauka filashin ne ya lalace, ta kwafe komai zuwa wani. Bai yi ba. Ta kashe na'urar ta kunna. Ta goge abin da ya fara shiga, ta faro daga tushe. Ta kira wanda ya sayar musu da na'urar, wayarsa a kashe, safiyar Lahadi ce. Duk da haka wani abu mai kama da zumuɗi ya hana ta karaya. Ta san kuskuren na nan gabanta, ƙarami ne, idonta ne kawai ke tsallake shi.

"Sun wuce kilomita goma!" in ji mai lasifika. "Minti ashirin da tara! Jama'a, yau akwai wuta!"

Bwana Maiyo ya dawo, wannan karon babu murmushi.

"Gaya mini gaskiya. In abin nan ba zai yi ba, in sa a nemo biro da takarda tun da wuri."

"Zai yi."

"In bai yi ba fa?"

"In bai yi ba, ka kira sunana a lasifika ka ce ni ce."

Ana minti arba'in da bakwai da tashi Mwalimu Birgen ya shigo neman ruwan sha. Tsohon malamin Turanci ne, ya koyar da rabin garin, har da ita Chelagat, kuma shi ne magatakardan tseren tun kafin a haife ta. Jiya ta ba shi filashin don ya shigar da sunayen waɗanda suka yi rajista a makare. Ya tsaya a bayanta yana kurɓar ruwa, ya sunkuya yana karanta allon kamar mai duba jarrabawa.

"Wannan na'urar ma ba ta je makaranta ba," ya ce.

"Mwalimu, don Allah, ba yanzu ba."

"Dubi yadda ta rubuta. Wakimbiaji da ƙaramin baƙi. Irin kuskurenki sak. Jiya sai da na zauna na gyara miki su ɗaya bayan ɗaya."

Yatsunta suka tsaya a kan madannai. Ta juyo a hankali.

"Ka gyara me?"

"Sunayen fayilolin. Duk da ƙananan baƙaƙe kika fara su, kamar ba ni na koyar da ke ba. Suna ai da babban baƙi ake fara shi."

Ta dubi jan rubutun: wakimbiaji. Ta dubi filashin: Wakimbiaji. Kusan awa ɗaya tana kallonsu, idonta na karanta su a matsayin kalma ɗaya, domin kwamfutarta ta cinya ma haka take karanta su, babba da ƙarami duk ɗaya ne a wurinta. Sabuwar na'urar kuwa wani tsari ne da ita. A wurinta W daban, w daban, ko dangi ba su haɗa ba.

Ta yi wani irin tsalle har kujera ta faɗi. Ta kama hannun tsohon da hannu biyu.

"Mwalimu! Ka kashe ni, ka kuma tashe ni! Guda nawa ka gyara?"

"Goma sha huɗu." Fuskarsa ta canza. "Ba dai ni na jawo wannan ba?"

"Zauna nan. Karanto mini su, ina mayar da su yadda suke."

Ya ɗaga kujerar ya zauna, ya gyara tabarau. Yana karantowa tana sauyawa. Ga na mata, ga na maza, ga na shekaru, ga na lambobi. Duk babban baƙin da ta ƙasƙantar sai Mwalimu ya ɗan runtse ido kamar an taka masa yatsa.

"Kilomita goma sha takwas!" Mai lasifika har muryarsa na dishewa. "Mutum uku a gaba, kafaɗa da kafaɗa!"

Na goma sha huɗu ya koma ƙarami. Ta ba da umarni. Layuka suka ruga, suka wuce inda suke tsayawa, suka ci gaba. Chelagat ta fara dukan tebur da tafi. Sai suka tsaya kuma. Ba a sami fayil mai suna Matokeo ba.

Mwalimu ya kai yatsa kan allon. "Wannan da babban baƙi take nema."

Ta ƙura ido. Fayil ɗin da ake zuba sakamako ne. Ita da kanta, wata rana can baya, ta rubuta sunan da babban M a cikin manhajar, kwamfutarta kuma ba ta taɓa tona mata asiri ba.

"Wannan dai ba ni ba ne," in ji Mwalimu, muryarsa ta dawo daidai. "Hasali ma, a nan ni ne na yi daidai."

"Na ji, na ji, ka ci ɗaya cikin goma sha huɗu!"

Ta mayar da M babba. Daga can kwanar asibiti ihu ya taso, yana matsowa kamar guguwa, babur ɗin da ke share hanya na ta hon. Ta danna. Layuka suka gudu har ƙasa, allo ya yi duhu na ƙiftawar ido, sai ga agogo ya bayyana da manyan lambobi kore, a nan da kuma babban allon waje: 1:01:40, 1:01:41.

Filin ya ɗauki sowa. Bwana Maiyo ya jefa hularsa sama. Bayan daƙiƙa hamsin na farko ya taka tabarma, akwatin ya yi ƙara tsit, sunansa ya hau allo kafin ya kai ga durƙusawa. Na biyu ya biyo, na uku ya biyo. Chelagat na tsaye tana kiran kowane suna da ƙarfi kamar ita ta raɗa musu.

Ba ta zauna ba. Mata biyu suka shigo, babu Jesang. Agogo ya nuna minti saba'in da ɗaya. Sai ga lamba 214 ta karyo kwana, kai a karkace, hannaye na dukan iska. Chelagat ta manta da ita ce mai auna lokaci, ta fito bakin rumfa.

"Jesang! Taho, uwar biyu! Taho, don ubanki!"

Jesang ta faɗo kan tabarmar, ta zube a hannun masu ba da agaji. Allo ya rubuta: 1:11:58.

Ihun da Chelagat ta yi sai da ya sa mai lasifika ya waiwayo. Ta ruga ta rungume ƙawarta, gumi da hawaye suka haɗu. Jesang ba ta iya magana, sai nuna allon take yi tana dariya tana haki.

Da ta koma rumfa ta tarar da Mwalimu tsaye shi kaɗai, yana kallon wani abu a tafin hannunsa. Tsohon agogonsa ne na auna gudu. Ya danna shi lokacin da bindiga ta tashi, kamar yadda ya saba, ya kuma tsayar da shi a kan Jesang. Ya miƙo mata. 1:12:01.

"Wanne ne gaskiya?" ya tambaya.

"Na tabarmar, Mwalimu. Yatsa yakan ɗan makara. Kowa ma haka ne."

Ya jinjina kai, bai ɗago ba.

"Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a kan layin nan. Akwai wani ɗalibina, ɗan Kaptumo, da na ce masa ya gaza da daƙiƙa biyu. Bai sake sa takalmin gudu ba." Ya shafa gilashin agogon da babban yatsa. "Ban taɓa tunanin ko ni ne na gaza ba."

A waje akwatin na ta ƙara tsit, tsit, sauran mutum ɗari bakwai na kan hanya.

Mwalimu ya danna agogon, lambobin suka koma sifili. Ya sa shi a aljihu, ya jawo kujera kusa da tata.

"Matsa mini," ya ce. "Nuna mini yadda ake karanta abin nan."